Yadda Magidanci Zai Tsara Kuɗin Gida Kada Manyan Hidimomi Su Riske Shi Ba Shiri

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, tambayar da magidanta suka fi yi mini ɗaya ce: abin da ke shigowa yana ƙarewa kafin wata ya raba, to ta ina mutum zai fitar da kuɗin haya, da na makaranta, da ragon layya, balle aurar da 'ya? Wani har rantsuwa yake yi cewa ko sisi ba ya saura.

Na yarda an shiga matsi. Amma abin da na lura da shi, cefanen yau da gobe ba kasafai yake kayar da magidanci ba, ko ta halin ƙaƙa ana lallaɓawa. Abin da ke kai shi ƙasa hidimomi ne da ya san ranarsu tun bara. Sallah ba ta zuwa a ɓoye. Mai gidan haya ya san watansa, kai ma ka san shi. Ciki wata tara yake yi yana sanarwa. Saboda haka aikin da za mu yi a nan shi ne mu ɗauki kowace babbar hidima mu yanyanka ta ƙanana, yadda kowane wata zai ɗauki nasa kason.

Kayan aikin ba su da yawa: littafin rubutu irin na 'yan makaranta, biro, kalanda mai ɗauke da watannin Musulunci da na boko, sai lissafin wayarka.

1. Rubuta abin da ke fita, wata guda cur

Kada ka fara da yanke hukunci. Ka fara da sani. Tsawon kwana talatin, duk abin da ya fita daga aljihunka ka rubuta shi a daren ranar: kuɗin cefane, gawayi ko gas, ruwan 'yan garuwa, katin wuta, kuɗin adaidaita ko man babur, kuɗin tara na yara, kati da data, niƙa, sabulu, cajin mai POS, shayin majalisa, har naira ɗari biyun da ka miƙa wa almajiri. Uwargida ma ta riƙe nata shafin na abin da ke fita ta hannunta. In kana da mata fiye da ɗaya, kowace da shafinta.

Gargaɗi: a wannan watan kada ka canza komai. Da yawa suna fara rubutu sai su tsuke hannu don lissafin ya yi kyau, su samu adadin ƙarya, wata na biyu tsarin ya rushe.

Gargaɗi na biyu ya fi na farko nauyi. Littafin nan ba na tuhumar matar gida ba ne. Ranar da ka buɗe shi ka ce, "Wai ina magin da na sayo shekaranjiya?" ranar ka kashe shi. Sau da yawa ma abin da magidanci ke ganowa shi ne ita ce ke cike giɓin cefane da kuɗin sana'arta shekara da shekaru bai sani ba. In ka ga haka, ka rubuta gudummawarta a fili, kuma ka tuna dukiyarta tata ce, kyautatawa take yi.

2. San ainihin abin da ke shigowa

Ga ma'aikaci abin da sauƙi: abin da ya faɗo asusu bayan an cire haraji, fansho da bashin ofis. Kada ka lissafa ariyas da alawus ɗin da ba a biya ba. Kuɗin da ke bakin gwamnati ba naka ba ne sai ka ji ƙarar saƙo.

Ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu su ne ke da aiki. Matsalarsu aljihu ɗaya ne da gida da shago, ana cin uwar kuɗi ana zaton riba ce. Ka duba wata shida da suka wuce, ka ɗauki watan da ya fi kowanne rauni, ka yanka wa kanka albashi daidai da shi. Duk abin da ya ɗoru a watan da kasuwa ta yi kyau, rabi ya koma jari, rabi ya shiga tanadin da za mu zo kansa. Manomi kuwa samunsa sau ɗaya ne ko biyu a shekara, don haka shi da kaka zai yi duk rabon nan, tun amfanin gona yana tsakar gida.

3. Jera manyan hidimomin shekara, kowace da watanta

Buɗe tsakiyar littafin ka ja layi goma sha biyu, kowane wata da layinsa. Sai ka zuba: haya, kuɗin makarantar boko zango uku, wanda yawanci ke faɗowa a Satumba, Janairu da wajen ƙarshen Afrilu, na Islamiyya, rajistar WAEC, NECO ko JAMB in kana da ɗan ajin ƙarshe, ƙarin cefanen azumi, zakkar fidda kai, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum da kake ciyarwa, ɗinkin Sallah, layya, gyaran rufi da magudanar ruwa kafin damina, taki da iri in kana taɓa noma, haihuwa da suna in uwargida na da juna biyu.

A nan ne kalanda mai wata biyu ke da amfani. Shekarar Musulunci tana gaza ta boko da kusan kwana 11, don haka azumi da Sallah suna matsowa gaba kowace shekara. A 2025 an yi ƙaramar Sallah ranar 30 ga Maris, babbar Sallah ranar 6 ga Yuni. Tsakaninsu kwana saba'in ne ko ƙasa da haka kaɗan, wato albashi biyu kacal. A cikin waɗannan albashi biyun kuma kuɗin zango na uku ya shigo, ga damina ta kawo kai ana neman taki. Wanda ya ce zai sayi rago da albashin watan Sallah, bashi ya shirya ci. Shekarun nan da muke ciki kuma azumi yana ƙara kusantar kuɗin makarantar Janairu, sai ka lura da wannan haɗuwar tun yanzu.

4. Raba kowace hidima gida-gida

Bari mu ɗauki misali. Adadin nan na misali ne kawai, kai ka sa farashin garinku. Magidanci ne mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, yana samun ₦200,000 a wata:

- Haya: ₦300,000
- Makaranta, zango uku: ₦180,000
- Ƙarin azumi da fidda kai: ₦60,000
- Kayan Sallah: ₦90,000
- Layya: ₦150,000
- Gyaran gida kafin damina: ₦30,000

Jimla ₦810,000. Huɗun ƙarshe kaya ne na kasuwa, farashinsu ba ya tsayawa, sai ka ɗora musu kashi ɗaya cikin biyar. Kuɗinsu ₦330,000 ne, ƙarin ya kama ₦66,000. Jimla ta koma ₦876,000. Raba gida goma sha biyu: ₦73,000 duk wata. Wannan ne kuɗin da za a fara cirewa ranar da albashi ya shigo, kafin cefane, kafin komai. Saura ₦127,000 shi ne ainihin abin da gidan ke da shi na ci da sha da zirga-zirga.

Gargaɗi: rabawa gida goma sha biyu tana aiki ne daga shekara ta biyu. A shekarar farko ka raba kowace hidima da watannin da suka rage mata. In haya saura wata huɗu, ₦75,000 take nema duk wata ita kaɗai. Kusan kowa a nan yake sarewa. Abin yi shi ne ka fuskanci wadda ta fi kusa kuma ba ta ɗaguwa, ka je wurin mai gida tun yanzu, ba ranar da wa'adi ya cika ba, ka nemi ya karɓa kashi biyu. Wanda ya zo da wata huɗu a gaba ana sauraronsa. Makarantu masu zaman kansu da yawa ma suna karɓar biya kashi-kashi in an yi magana da wuri.

5. In lissafi bai haɗu ba

Ba zai haɗu ba a karon farko, kada ka yi mamaki. A ce littafin mataki na ɗaya ya nuna gidan yana cin ₦150,000, ga shi ₦127,000 ne ya rage. Giɓin ₦23,000 ke nan, kuma wannan giɓin ne a da yake zama bashin mai shago da rancen abokai.

Ka raba hidimomin kashi uku: wadda in ba a yi ba za a wulaƙanta, kamar haya da abinci da magani; wadda za a iya rage mata armashi, kamar kayan Sallah; da wadda za a iya bari bana. Ni a ganina, yaro kala ɗaya mai kyau da takalmi ya ishe shi Sallah, kala uku gasar maƙwabta ce. Layya kuma a kan mai hali take. Mutumin da zai yanka rago a kori 'ya'yansa daga makaranta bayan sati biyu, ya je ya tambayi malaminsa ko ta hau kansa. In nama ne ake so yara su ci, ga watanda: a haɗa kuɗi a unguwa ko a wurin aiki a sayi sa a raba. A misalinmu, ajiye layya kaɗai ya sauke ₦15,000 daga zubin wata. Ragowar ₦8,000 ana samunta a data, da cin abinci a waje, da sayen ƙulle-ƙulle. Omo da man gyaɗa da sukari na ƙulli sun fi komai cin kuɗi a ɓoye. Wanda ya sayi kwalba ko kwano sau ɗaya ya fi mai aiken yaro shago sau goma.

Abin da ba a taɓawa: abincin yara da maganin mai ciwon da ba a fasa shan magani, kamar hawan jini da sukari. Tsimi a nan asibiti yake kai mutum.

6. Inda za a ajiye kuɗin

Kuɗin da ke cikin asusun da kake cefane da shi, ka ɗauka an riga an kashe. Dole a raba musu gida.

Adashi shi ne ya fi dacewa da mai raunin zuciya, don kunyar mutane tana sa a zuba ko ba a so. Dabarar ita ce ɗauka: ka zaɓi watan kwasarka ya faɗo wata guda kafin babbar hidimarka. Mai hayar Oktoba ya nemi ɗaukar Satumba. Gargaɗi: ka san uwar adashi da gidanta, ka san sauran 'yan zubi, a rubuta jerin ɗauka kowa ya gani. Kada ka shiga adashi uku lokaci guda kana kwasar wannan kana zuba wancan. Mai adashin kullum da ke zagayawa kasuwa kuma, ka sani zubin kwana ɗaya a wata nasa ne, ladan aikinsa ke nan.

Banki ya dace da kuɗin haya da na makaranta. Buɗe asusu na biyu, kada ka karɓi katin cirar kuɗi, kada ka sa manhajarsa a waya. Wahalar zuwa layi ita ce makullin. Mai gudun kuɗin ruwa yana da bankuna irin su Jaiz da TAJ. Hukumar NDIC tun 2024 tana ba da inshorar ajiya har naira miliyan biyar ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan biyu a ƙananan bankuna, saboda haka ka tabbata inda za ka ajiye yana da lasisin Babban Banki.

Asusun gida, na ƙasa ko na katako, ya yi wa canjin cefane da tanadin yara. Manyan kuɗi ba wurinsu ba ne. Ni da kaina na taɓa fasa asusu na tarar danshi ya manne takardun sun yi baƙi, kuma duk wanda ya ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 ya san abin da masu ajiya a ɗaki suka sha.

Gargaɗi: duk wanda ya ce ka kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari da talatin bayan wata, kuɗin wani zai ba ka, ranar da aka rasa sabon shiga kuma naka ya tafi. Haka MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet, ta yi da mutane a ƙarshen 2016, kuma irinta ba su daina fitowa da sabon suna ba, wasu har da rigar addini.

7. Mai da kuɗin kaya tun da sauran lokaci

Wannan matakin ne na fi so a tsaya a kai, domin naira tana zagwanyewa a ajiye. Abin da ka tabbata za ka saya, in ba ya lalacewa, saye shi lokacin arharsa ya fi ajiye kuɗinsa.

Hatsi da kaka ake saye, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da sabo ya cika kasuwa. Tsadarsa kuma tsakiyar damina ce. Lissafa kwano nawa gidanka ke ci a wata na masara, gero, dawa, wake da shinkafa, ka ninka. In buhu ya fi ƙarfinka, ku haɗu ku biyu ko uku ku saya a kasuwar ƙauye ko a kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano ku raba. Ka tabbata ya bushe sarai, hatsin da ka ciza bai yi ƙara ba da sauran danshi. A ɗora buhu kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Wake a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iskar a ɗaure kowane rufi daban, ko a jarka mai murfi a cika ta fal.

Gargaɗi: ƙwayar maganin nan mai fitar da iska da 'yan hatsi ke sawa a sito, kada ta kwana a ɗakin da mutane ke kwana. Guba ce, tana kisa. Sannan na ci za ka saya, ba na jiran tsada ba. A 2025 farashin hatsi ya sauko, waɗanda suka tara don riba suka ji a jikinsu. Wanda ya saya don tukunyarsa bai rasa komai ba, tuwonsa ya ci.

Rago kuma, in kana da fili da mai kula, sayen matashi wata biyar ko shida kafin Sallah a kasuwa irin Wudil ko Maigatari yana sauƙaƙawa. Amma ka yi lissafin dusa, harawa, kowa da allurar rigakafi, ka kuma yi la'akari da ɓarayi. A cikin gari inda komai saye ake yi, wani lokacin kiwon yana cinye ribar, amfaninsa kawai ka biya a hankali. Ka tabbata zai kai shekarun layya ranar Sallah. Kasuwar dabbobi ba ta da tabbas: gab da babbar Sallar 2025 Nijar ta hana fitar da dabbobi, masu jiran makon ƙarshe suka sha mamaki.

Yadi da shadda da atamfa a saya a kai wa tela kafin azumi ya kama. Daga goma ga watan azumi kuɗin ɗinki ya tashi, alƙawari kuma ya zama abin da ya zama. Na yara a ɗan sake shi, ƙafa da kafaɗa ba sa jira.

8. Hidimomin da suka fi shekara

Aurar da 'ya mace ba a tara masa da takardar kuɗi. Iyayenmu mata sun riga mu gane wannan: tun yarinya tana firamare ake sayen tukwane, kuloli, farantai da zannuwan gado ana turawa ƙarƙashin gado, ga 'yar akuya ana kiwo da sunanta. Ka bi wannan hanyar amma da zaɓi. Abin da ba ya tsufa a saya da wuri. Gado, kujeru, katifa, labule da kayan wuta a bari sai an sa rana, don yayi yana wucewa, katifa tana lalacewa a ajiye. Kuɗinsu a riƙe shi a dabba, ko fili, ko ɗan gwal in da hali, tare da sanin cewa mai sayar da gwal yakan rasa kuɗin ƙira. Kafin ka karɓi sa rana, ku zauna da mahaifiyarta ku rubuta komai har gara da abincin 'yan biki. Ranar da za ka sa ta fito daga lissafin, kada kunyar dangin ango ta sa ka yanke wata uku alhali aljihunka na shekara ne.

Haihuwa: daga ranar da aka tabbatar da ciki kana da kusan wata bakwai. Jera awo, magunguna, kayan haihuwa da asibiti ke rubutawa, kayan jariri, itace ko gawayin wankan jego, abincin mai jego, da ragon suna. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara na rago da na walima a manta cewa ana iya cewa sai an yi aiki ko an ƙara jini. Kuɗin asibiti ne farko. Suna ko da dabino da goro an raɗa shi.

9. Na ba-zata, da na zumunci

Bayan zubin manyan hidimomi, ware wani abu ko dubu uku ne duk wata don rashin lafiya da makamantansa, har ya kai cefanen wata guda, daga baya a nufi na wata uku. Ka kuma bincika shirin taimakekeniyar lafiya: ma'aikatan tarayya suna da NHIA, jihohi da dama suna da nasu, kamar KSCHMA a Kano, kuma akwai tsarin da wanda ba ma'aikaci ba zai iya shiga da iyalinsa.

Zumunci kuwa dole a ba shi layinsa a littafi, in ba haka ba shi zai cinye sauran layukan. Na iyaye daban yake, yana sahun haya da abinci. Amma gudummawar biki, barka, anko, da ɗan'uwan da ya bugo waya, ka yanka musu adadi a wata. In ya ƙare, "Wallahi Yaya wannan watan ya riga ya fita, sai dai mai kamawa" magana ce ta gaskiya, kuma ta fi ka ba da kuɗin makarantar yara ka dawo kana jin haushin mutum.

Gargaɗi: manhajojin rance na waya ba mafita ba ne. Ruwansu yana da yawa, wa'adinsu gajere, wasu kuma in ka makara sai su bi lambobin wayarka suna tona maka asiri. In bashi ya zama dole, na ɗan'uwa ko na ƙungiyar ma'aikata da ba ruwa ya fi, a rubuta, a sa rana. Tsohon bashin da ke kanka ma ka sa shi cikin jerin mataki na uku da watan biyansa.

10. Zaman ƙarshen wata

Ku sa dare ɗaya, bayan yara sun kwanta, kai da uwargida da littafi. Abu uku za ku duba: nawa aka ce za a kashe, nawa aka kashe, wace hidima ce ke tafe cikin wata uku. In an taɓa kuɗin haya don wata larura, a rubuta shi bashi ne, a faɗi watan da za a mayar. In farashin wani abu ya tashi, a gyara zubin tun a daren. Ranar da aka gama biyan wata hidima, kada a dakatar da zubinta, washegari na baɗi ya fara. Kuma uwargida ta san inda kowane kuɗi yake, da sunan uwar adashi, da bankin da aka buɗe asusu na biyu, da wanda kake bi da wanda ke bin ka, a shafin ƙarshe na littafin.